Kada a cire Junaidu daga makaranta

Assalamu alaikum Yaya Albashir,

Ina gaisuwa daga Alƙahira. Yaya jikin Inna? Yaya mutanen Argungu da aikin shinkafa? Ni lafiya lau nake. Abincinsu ne bai karɓe ni ba, rigunana har sun fara yi mini yawa, amma kada Inna ta ji.

Matarka Adawiyya ta gaya mini malamin su Junaidu ya ce a cire shi daga makaranta, wai ba ya zama wuri ɗaya, kai kuma ka yarda. Har ka ce da gangan yake yi, tunda yakan wuni bakin gulbi yana ɗinkin tarun kamun kifi ko motsi ba ya yi. Haba Yaya! Wallahi raina ya ɓaci.

Abin da aka turo mu mu koya ke nan, mu ma'aikatan jinya da malaman makaranta: larurar rashin natsuwa ga yara. Likitar da ke koyar da mu ta ce irin yaran nan, abin da suke so yakan tafi da hankalinsu gaba ɗaya, amma zaman aji ya gagare su. Ban ce yana da ita ba sai an duba shi. To wa ya duba shi? Bulala?

In ka sami mai zuwa, a aiko mini da busasshen kifi da yaji. Allah ya ƙara wa Inna lafiya.

Ka bar shi a ajinsa har in dawo bayan Babbar Sallah. Amana na ba ka ɗana, na taho koyon kula da 'ya'yan mutane. Kada in dawo in tarar nawa aka fara yarwa.

Ƙanwarka,
Sadatu