Farin Tumatirin Kaka

Yaya, na wuce aiki. Na leƙa kana barci, ban tashe ka ba.

Da safen nan mun sha daru da Kaka. Likita ya ce ta rame, a riƙa ba ta markaɗaɗɗen almon, wato ɗanginsu gyaɗa na ƙasar waje, ita kuwa ta kafe sai tumatirin gwangwani, wai ja ne, shi ke ƙara jini. Na ɗauko duka biyun na karanta mata: almon yana da maiƙo da abin gina jiki, tumatir kuwa kusan duk ruwa ne, sai gishiri da ɗan bitamin. Ta ture cokalin, ta ce, "Ke, wa ya taɓa ganin farin jini a jikin mutum?"

Da na ga zan makara, sai na ɓare takardar kwalbar almon ɗin, na ce mata ai wannan ma tumatir ne, fari, na manyan mutane. Ta lashe cokali uku, har tana cewa ya fi jan daɗi.

Da rana ka shafa mata a burodi. Don Allah kada bakinka ya suɓuce ka ce almon. Kuma ka ɓoye kwalbar a saman firji, don ta ce yau da shi za ta yi mana miya.

Ƙanwarka