Motar Kakanka Tana Hannun Hukuma

Suceava, Janairu

Zuwa ga jikana Horia mai manyan kunnuwa,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya. Ya aiki, ya sanyin Torino, in har za a kira wannan abin naku sanyi? Ya yarinyar nan da kake ɓoye mini? Ni dai lafiya, sai gwiwa, sai shirun gida.

Bayan haka, an kama motar kakanka Nichifor. Ranar addu'ar arba'in ɗinsa na dafa alkamar sadaka, na ɗauki maƙwabciyata Leontina muka tafi coci, na ajiye motar inda ya saba ajiyewa. Mun fito za mu wuce ƙauye mu kunna masa kyandir a kabari, sai muka tarar da gurbinta kawai. Leontina ta ce ɓarayi ne. Na ce wane ɓarawo ne zai zubar da mutuncinsa a kan wannan akwala? Ashe janwen hukuma ce ta ja ta. Wai an kafa allon hana ajiye mota a wurin lokacin da muke jinyar kakanka a asibiti. Allon kuwa dusar ƙanƙara ta rufe shi ruf.

Sun ce in biya kuɗin ja da tara, na ce ban biya ba. Ka san mahaifiyarka Viorica ta bar mini makulli ne bisa sharaɗi: laifi ɗaya, ta sayar da motar. In na biya, na amsa laifi ke nan. Motar nan kuwa ita ce ƙafata zuwa wurin kakanka, don bas ba ya hawa tudun ƙauye sai ƙanƙara ta narke. Na shigar da ƙorafi, ina da hoto. Saura ka fesa wa uwarka, munafuki, na san halinka.

Ka riƙa sa hula.

Kakarka,
Paraschiva

Suceava, Fabrairu

Horia,

Gaisuwa da fatan alheri. Ya tarin da ka ce ya kama ka? Na ce ka sa hula.

An saurari ƙorafina. Jami'in yaro ne, gashin bakinsa ko na ɓera ya fi shi. Ya duba hoton ya ce, to Kaka, ina dusar ƙanƙarar? Abin da ya faru shi ne, ranar da muka fito daga coci na so in karanta abin da aka rubuta a allon, sai na ari tsintsiyar mai sharar coci na kakkaɓe shi. Tunda na fara kuma, ai ba a barin abu rabi da rabi a ƙofar ɗakin Allah, na goge har sandar. Sai bayan nan Leontina ta tuna tana da waya, ta ɗauki hoton. Ga allo yana ƙyalli, ga ni a ƙasa riƙe da tsintsiya, har da murmushina, don ba a taɓa ɗaukata hoto ina murtuke ba. Yaron ya yi dariya har ya ƙware, da ya kalli baƙin ɗankwalina na takaba sai ya haɗiye sauran. Ya ce shi ya yarda da ni, amma ofis hoto yake gani.

Takardar hukunci wurin Viorica ta je, tunda sunanta ne a kan motar yanzu. Ta biya, ba ta yi faɗa ba. Da ma faɗan ta yi.

Wani mai sayar da kabeji ya sayi motar jiya. Tun rasuwar kakanka ban taɓa gyara kujerar direba ba, tana can baya yadda dogayen ƙafafunsa suka bar ta, matashi nake sawa a bayana in kai ga birki. Mutumin nan yana shiga ya ja kujerar gaba, a kan idona. Na koma ciki, ban ga tafiyarsu ba.

Kabarin yana ƙarƙashin dusar ƙanƙara, ba wanda ya je. Kada ka damu. Kakanka ya ƙare rayuwarsa yana jirana a ƙofar kanti yana gunaguni, zai jira ni har ƙanƙara ta narke.

Ka gaida yarinyar.

Kakarka,
Paraschiva