Farar Ungulu ta Dutsen Gamu

Gure, Laraba

Ƙawata Yakura,

Gaisuwa mai yawa. Ina Inna, ina awaki? Direban motar kasuwa na ba takardar nan, kada ki bari yayyenki su karanta.

Ke, yau a koleji Malam Husseini ya nuna mana hoton farar ungulu mai rawayar fuska, saura kaɗan in yi ihu. Hajiyarmu ce sak da Alhajinta, ungulayen nan biyu na Dutsen Gamu waɗanda muka yi rantsuwa ba za mu nuna wa kowa sheƙarsu ba! Ya ce irinsu sun kusa ƙarewa, wai in sun je mahauta neman abinci ake kama su, a sayar wa bokaye kawunansu. Ni dai na riƙe rantsuwarmu.

Tunda kin ce sun ƙyanƙyashe ɗa, kada ki bari su yi nisa. Duk mushen da kika gani ki kai musu gindin dutse. Na san lalacinki, ki tashi.

Taki, Jannat

Gamu, Lahadi

Jannat 'yar birni,

Muna lafiya, Inna na amsawa. Wata shida a Gure har kin iya ba da oda. To na yi. Diloli sun kashe mana akuya bayan rijiya, Baba ya bar ragowar a can. Na yanko cinya na ja ta har dutse, wari kamar in mutu. Su biyun suka sauko suna tafiyar nan tasu ta masu kuɗi. Da kin gani da kin yi dariya.

Ki gaida gwaggonki.

Yakura

Gamu, Talata

Jannat,

Ina gaisuwa. Hajiya da Alhaji sun mutu.

Jiya na tarar da su kusa da cinyar, wuya a murɗe, ƙudaje ma sun mutu kewaye da su. Ashe guba Baba ya zuba wa mushen saboda diloli, bai gaya wa kowa ba don kada a yi surutu. Ni na kai musu da hannuna. Na binne su da naman, na yi kuka har awaki suka watse ban sani ba.

Iyayen ba su kai ga ba wa ɗansu naman ba, yana sama yana kuka. Na gwada hawa sau uku, tsayin ya fi ƙarfina, gwiwata ta fashe. Ki karya rantsuwar, ki gaya wa Malam. Don Allah ki yi sauri.

Yakura

Gure, Juma'a

Yakura,

Ina fata gwiwar ta yi sauƙi. Sai jiya takardarki ta iso. Da farko na rubuto miki baƙar magana, na ce ai ban ce ki kai guba ba, sai na yaga. Ni na tura ki. Da na yi shiru da suna nan.

Na gaya wa Malam. Ya buga waya, an ce masu hawa da igiya suna Damagaram, sai Alhamis za su iso. Kwana shida ke nan. Na tambaye shi ko ɗan zai kai, ya kau da kai. Ba na iya cin abinci. Ki riƙa zuwa kina yi masa magana, ko zai san bai zama shi kaɗai ba.

Ki yafe min.

Jannat

Gamu, Litinin

Jannat,

Na gaishe ki. Babu abin yafewa, mu biyu muka yi.

Ki ce wa Malam kada su wahalar da kansu. Tun Asabar ban ji kukansa ba. Yau da hantsi hankaki biyu suka shiga sheƙar, ina ƙasa ina jifa, dutsena bai kai ko rabi ba. Sun daɗe a ciki.

Ki huta lafiya.

Yakura