Wayoyi uku a cikin rautar Yaya Usman

Omdurman, ranar Laraba

Ƙanina Habibu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da Maryam da yara. Yaya Kano, yaya haƙurinmu? Allah ya jiƙan Yaya Usman.

Ka tambayi dalilin shirunmu. Rautarmu, na'urar da ke ba mu intanet, ita ce ta daina aiki. Mutane sukan ɗauka in rauta ta daina aiki ta mutu ke nan. Inna kuwa cewa ta yi gwamnati ce ta sake yanke intanet. Maƙwabta suka ce in yar da rautar, na kasa, don Yaya ne ya haɗa ta da hannunsa.

Na sayo kebul a kasuwar Suk al-Shabi, na buɗe rautar. A ciki akwai ƙusoshi huɗu a jere. Uku ake jonawa da kwamfuta ta wayoyi uku, ba a taɓa na wuta. Na haɗa TX da TX, wato mai aikawa da mai aikawa, ni da nake koyar da wannan a aji, allo ya ƙi nuna komai. Da na tuna, na kai TX kan RX mai karɓa, sai rubutu ya fara zubowa. A ƙarshensa ga abin da Yaya ya saka: "Wanda ya buɗe nan, ya gaishe mini da Inna."

Na karanta mata. Ta ce, "Ina amsawa."

Daga rubutun na gano matsalar, na gyara. Rautar ta tashi, ka kira mu ranar Juma'a. Ka sa Inna a addu'a, ka gaida su Kawu. Rautar da Yaya ya ba ka da za ka tafi, ka buɗe ta ka gwada. Ka rubuto mini abin da ya bar maka.

Yayarka,
Zainab