Shayin da Na Ba Baƙuwa

Yaya Rabi,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya gida? Ya ƙafar taki, ya Malam da jikoki? Allah ya sa kuna lafiya.

Ni dai a nan Salford, Ingila, na jawo wa kaina. Council, wato ƙaramar hukumarmu, na rage kashe kuɗi, sai suka turo wata Baturiya ta duba ko har yanzu ina buƙatar mai kula da ni. Yaya, baƙuwa ta shigo, in zauna ina kallonta? Na dafa bango na miƙe, na haɗa mata shayi. Ta tambayi jikina, na ce da sauƙi, alhamdulillahi. Duk ta rubuta.

Takardarsu ta zo, wai ina iya yi wa kaina komai. Sun janye Grace, mai zuwa yi mini wanka kullum da safe. Ita kaɗai ke ce mini Mama a ginin nan. Ɗan naki Usman aiki ya riƙe shi a Birmingham, sai Lahadi yake leƙowa.

Ki gaida kowa, ki sa ni a addu'a. Yau Alhamis, tun Lahadi ba wanda ya ƙwanƙwasa ƙofata, balle in ba shi shayi.

Ƙanwarki,
Zainab