Ƙyasbin Dutse

Harobanda, Yamai, Mayu 1985

Zuwa ga Yaya Salamatu,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya ƙafar Inna? Ina Baba, ina yara? Allah ya sa hatsin taimako ya iso garinmu Tawa.

Ni lafiya lau. Sau ɗaya ake ci, amma ana ƙoshi. Gulbi ya janye har yara na ratsa shi da ƙafa, mu kuwa 'yan lakwal, ɗaliban jami'a, ko gada ba mu hayewa sai soji sun ga takarda. Ta zuwa gida kuma sun hana. Bana ma ban da ni a sallah.

Kin ce Baba na gaya wa mutane ina karatun tsiro, zan kawo irin da ba ya jin fari. Yaya, ki lallashe shi. Tsiron da mushe, malaminmu, ya ba ni ba a shuka shi, ba a cinsa. Wani ɓawo ne toka-toka manne a jikin dutse, kamar ƙyasbi a wuya. Aikina in duba shi a madubin ƙara girma, in gano danginsa. Halitta biyu ce a haɗe, ɗaya na riƙe dutse, ɗaya na samo abinci daga rana. Ba ya ɓamɓaruwa. In kina son ɗauke shi, sai kin fasa dutsen.

Jiya na ɗauka nawa ya mutu. Na ɗiga masa ruwan shana, kafin in juya ya yi kore. Na daɗe ina kallonsa.

Don Allah ki rubuto, ko layi biyu ne.

Ƙaninki,
Mijinyawa