Ajuwaya, Addu'ar Gidanmu

Zuwa ga mahaifina, Saja Mai Keke na Ƙarfi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga uba, a durƙushe kamar yadda ka koya mana, an saba a ce ina fatan kana lafiya. Inda kake ba a tambayar lafiya, sai dai in ce Allah Ya ƙara wa makwancinka haske.

Ka yi haƙuri da rubutuna, Baba. Ka san ni da boko mun rabu a aji huɗu, ko sallama ba mu yi ba. Hadiza jikarka ta ce za ta sa wannan a waya jama'a su karanta. To, wanda ya ga kuskure ya gyara, gidanmu gidan gyara ne.

Ga labarin: mai sunanka ya tafi soja. Abba, autana, wanda kake ɗorawa a gaban keke ka zaga da shi kasuwa. Ya ce ya gaji da ganin gonarmu ta bakin daji ta koma saura don tsoro. Tun da sunansa ya fito yake bi na in sa masa albarka, ni kuwa ina ta zille masa da barkwanci. Na ce wanda kyankyaso ya kora daga banɗaki ina shi ina bindiga? Ya yi dariya, na yi dariya, albarkar dai ban sa ba. Jiya na raka shi tasha a Malumfashi. Zan gaya maka abin da na ce masa, amma ka san ni, sai na zaga.

Ka tuna faretin safe? Muna dawowa daga masallaci ka jera mu a tsakar gida, dogo a baya gajere a gaba, kana duba farce da haƙora. In layi ya karkace sai ka ce, "Ajuwaya!" In mun kama faɗa kan ƙanzo, "Ajuwaya!" In na ɗaura sarƙar keke a baibai, ita ce dai. Mu kuwa mu haɗa baki mu ce amin, don mun ɗauka Larabci ne. Ba ka taɓa gyara mana ba. Gashin bakinka ne kawai ke motsi.

Sai da furfura ta fito mini Hadiza ta dawo hutu ta ce wai Turancin soja ne, ma'anarsa ku koma yadda kuke. Baba, ka ji kunyar da ka ba ni? Ni da na yi shekaru ina tofa ta a buhunan masara saboda ƙwari. Kuma wallahi masarar ba ta taɓa ɓaci ba.

Rumfarka tana nan a gindin bedi. Kwanon ruwan da kake nutsa robar cikin taya don neman inda ta huje, shi ma yana nan. Kakan ce, "Ba kowane rami ido ke gani ba, sai an nutsa." Lokacin kaka, in manoma sun ɗauro auduga za su Funtua, layin kekuna har bakin titi, ba ka ɗaga kai sai azahar. Da faci da man sarƙa ka ciyar da mu, ka aurar da mu. Yanzu kowa ya hau babur. Wani yinin, ƙuda ne kawai ke yi mini sallama.

Sai Nomau, abokinka Bamaguje da kuka je yaƙi tare. Har yau ranar kasuwa yana turo kekensa, ba abin da ya same shi. In ƙara wa tayar iska, in sace iskar, in sake ƙarawa, don dai ya daɗe a zaune. Ba ma hira sosai. Yana kallon bencinka, ina kallon bencinka.

Ba ka taɓa ba mu labarin yaƙin basasa ba. Abin da muka sani, kunnenka na hagu ba ya ji, kuma ba ka yanka ragon layya da hannunka. Kana kiran maƙwabci, ka ba shi wuƙa, kai kuma ka tuna kana da wani gyara a rumfa ranar Sallah. Muna yara muna yi maka dariya a ɓoye, wai soja mai tsoron jini.

Inna ce ta kashe mini wannan dariyar, gab da rasuwarta. Ta ce, "Wanda na raka tashar jirgi a Funtua, bakinsa ba ya hutawa, kamar kai. Wanda ya dawo, kayan wancan kawai ya sako." Na tambayi Nomau, ya ce a duk rundunarku babu mai sa mutane dariya kamarka. 

Ashe wannan bakin nawa da kake cewa ya fi rediyo cin batir, naka ne, Baba. Gadon da ka baro a can ne ya biyo ta wata hanya ya same ni. Kuma Abba ya ɗauke shi kaf. Shi ne ke kwaikwayon tafiyarka har uwarsa ta riƙe ciki. Ba mutuwa kaɗai nake ji masa tsoro ba, wannan tana hannun Allah ko a kan tabarma. Ina tsoron a maido mini shi da hannu da ƙafa, ya zauna a bencinka shiru, ranar Sallah ya tuna yana da gyara a rumfa.

Gidan ya yi mini faɗi. Ƙannena suna Kano da Kaduna, gaisuwa sai a waya. Uwar yara tana Funtua wajen jegon Hadiza. Yau da safe na yi faret, ni da zakara da akuya, kuma zakaran ya ƙi bin layi.

To, tasha. Na je da addu'o'in da na roƙi liman ya biya mini, na haddace su tsaf a hanya. Da mota ta cika, Abba ya durƙusa a gabana cikin mutane, na dafa kansa, sai addu'o'in duk suka gudu suka bar ni. Ko barkwancin ma ya ƙi zuwa. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Ajuwaya."

Yaron nan ya gama sakandare, Baba, ya san Turanci ne. Bai yi dariya ba. Ya ce amin.

A hanyar dawowa, ina tura kekenka, na yi ta tunani. Ko shi ya sa ba ka taɓa gyara mana ba? Ko kai ma roƙo kake yi kullum safe, ka jera 'ya'yanka suna ce maka amin?

Allah Ya gafarta maka, Ya haɗa ka da Inna a Aljanna, Ya maido maka kunnenka da dariyarka, ta gane wanda ta raka. Shi kuma mai sunanka, Allah Ya tsare shi, Ya dawo mini da shi yadda yake.

Ɗanka mai surutu,
Lawal, a rumfa, gindin bedi.